Ƙwallon da Ba a Yafe Ba

"Ba zan iya ba, Corinne."

"Za ka iya! Kalma biyu ce fa, Desmond. 'Na yafe.' Shi ke nan!"

Suna tsaye a kan gadar katakon da ta ratsa tudun yashi daga masauki zuwa bakin teku. Yamma ta yi, amma zafin Carolina ta Kudu bai sauka ba. Corinne Pruitt ta riƙe takalmanta a hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma ta damƙe rigar saurayinta, kamar mai tsoron iska za ta ɗauke shi.

"Wato in fara surukuta da yaudara," in ji shi.

"Ba yaudara ba ce, tausayi ne."

"Shi ya ce yana so?"

"Desmond, don Allah..."

Gobe da safe Desmond Arceneaux zai fita filin golf, wasan buga ƙwallo da sanda har ta faɗa rami, da mahaifinta, su biyu, rami goma sha takwas. Haka ake yi a gidansu. Shekara ashirin da shida iyalin suna zuwa wannan masaukin a makon ƙarshe na Yuni, kuma duk wanda ya zo neman 'ya, sai ya kara da uban a safiyar ƙarshe ta hutu. Bayan an tashi ne tsohon zai ce e ko a'a. Haka surukinsa ya yi masa, haka shi ma ya yi wa mijin babbar 'yarsa.

Wasu iyayen asali suke bincikawa, wasu aljihu. Shi kuwa mahaifinta, Lowell Pruitt, ya yi shekara talatin da ɗaya yana koyar da tarihi a sakandare, ya ce ya karanta labarin manyan maƙaryatan duniya, bai ga ko ɗaya da zai iya ɓoye halinsa awa huɗu cikin rana da sanda a hannu ba.

A karawar mutum biyu, idan ƙwallon abokin hamayyarka ta tsaya dab da rami, kana iya ce masa ka yafe, ya ɗauke, a lissafa kamar ta faɗa. Ladabi ne idan taƙi ɗaya ya rage. Abin da Corinne take nema ya wuce taƙi.

"Ba ka gan shi ba a wancan lokacin," ta ce. "Hutun farko bayan rasuwar Mama. Dogon bugu yana yin sa kamar saurayi, har yanzu ma. Amma da ya sunkuya kan ɗan gajeren turi, sai hannun ya fizge. Kamu ɗaya tsakaninsa da rami, Desmond, kamu ɗaya! Sau uku yana kuskurewa, baƙi na tsaye suna jira mu ba su wuri. Ya ajiye sandar, ya tafi ɗaki ya kulle. Kwana biyu bai ci komai ba. Ni na zauna a bakin ƙofar."

"Na sani, zuciyata. Kin faɗa min."

"To ka sani! Daga nan na bar aikina a Atlanta na koma gida. Daga nan kuma ba wanda ya sake barinsa ya yi gajeren turi. Ni, da Yaya Lenore, da mijinta, duk yafewa muke yi tun kafin ya sunkuya."

Desmond ya kalli teku. Ya samu aikin kula da daji a Oregon, ɗaya ƙarshen ƙasar, zai fara a watan Satumba. Shekara biyu yana jiran ta. Ta gaya masa tun farko, ba za ta bi shi ko nan da ƙofa ba sai Baba ya ce e da bakinsa.

"In ya ce a'a fa?" ya tambaya.

Ta kau da kai.

"Corinne. In ya ce a'a?"

"Kar ka sa ni in faɗa..."

Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya karɓi takalman daga hannunta, ya durƙusa ya ajiye mata su a gaban ƙafa.

"Shi ke nan. Zan yafe. Amma raina bai so ba."

"Na gode, masoyina. Na gode!"

Ta rungume shi. Ta yi zaton hankalinta zai kwanta. Bai kwanta ba.

Ƙarfe shida suka zauna cin abinci a barandar masauki, a teburin da suka saba. Jatan lande da faten masara, da shayi mai ƙanƙara. 'Yan matan Lenore biyu sun ƙone da rana, suna faɗa a kan wata ƙumbar teku. Lowell yana zaune a kan gaba, dogo, siriri, da farar riga mai guga. Kujerar da ke damansa ba kowa. Ba wanda ya taɓa cewa kar a zauna a kai, ba kuma wanda ya taɓa zama.

"Baba, in yanka maka burodin?" in ji Lenore.

"Ina da haƙora."

"A'a, na ga kamar..."

"Ina da wuƙa kuma. Sun ba ni, ba su nemi takardar likita ba."

Mutane suna da wata murya da suke ajiye wa wanda matarsa ta mutu, irin wadda ake yi wa yaro mai zazzaɓi. Wata uku na farko ana kawo abinci a kwano mai murfi. Daga nan kwanon ya daina zuwa. Muryar ce ba ta dainawa.

Wade, mijin Lenore, mai sayar da na'urar sanyaya ɗaki a Charlotte, ya dafa kafaɗar Desmond yana dariya.

"Ango, ka ci da yawa, gobe yanka za a yi! Ni da rami biyar ya lallasa ni. Na jefa ƙwallo uku a tafki, ɗaya ma a kusa da kada ta faɗa. Na ce ai shi ke nan, na rasa mata. Muna tashi ya ce, 'Ɗauke ta.'"

"Me ya gani a wurinka?" in ji Desmond.

"Wallahi shekara goma sha ɗaya ban sani ba!"

"Ni ma," in ji Lowell.

Aka yi dariya, ban da Corinne. Cokalinta kawai take juyawa a cikin faten.

"Bakwai da minti arba'in, Malam Arceneaux," in ji tsohon. "Ba bakwai da arba'in da ɗaya ba."

"To, yallaɓai."

"Auta za ta tuƙa mana 'yar motar fili. Ba ta magana a fili, na koya mata."

Da aka tashi, Lenore ta ja ƙanwarta gefe, bayan wata tukunyar fure.

"Kin gaya masa?"

"Na gaya masa, Yaya."

"Ya yarda?"

"Ya yarda."

"To madalla. Amma ni dai ban gane ba, Corinne. A ce Baba ya amince, sai me? Ki tafi Oregon? Wa zai zauna da shi? Ni da yara biyu da Wade, ya zama uku!"

"Ban sani ba..."

"Kin dai tuna abin da Mama ta ce miki a asibiti."

"Yaya, ya isa! Kullum sai kin tuna min?"

"Ni ba faɗa nake ba. Tambaya ce."

Irin tambayar da mai yin ta ke komawa Charlotte ranar Lahadi, ya bar ka da amsar.

Gari ya waye da raɓa a kan ciyawa da iska mai gishiri. Bakwai da rabi Desmond yana tsaye a wurin farawa. Lowell ya duba agogo, bai ce komai ba. A wurinsa wannan yabo ne.

Tsohon ya fara. Sandar ta tashi ta sauko, ƙwallon ta miƙe sak tsakiyar fili kamar an ja zare. Haka yake bugawa tun Corinne tana 'yar shekara biyar.

A dandalin rami na farko, inda ciyawa take lallausa kamar darduma, ƙwallon Baba ta tsaya taƙi biyu daga rami.

"Na yafe, yallaɓai. Ɗauke."

Lowell ya ɗaga kai ya dube shi, ya sunkuya ya ɗauka.

Corinne ta sauke numfashi. Ɗaya ya wuce, saura sha bakwai.

A rami na uku kamu ɗaya ya rage. Desmond ya yafe. A na huɗu kamu da rabi. Desmond ya saci kallon motar, Corinne ta gyaɗa kai kaɗan, ya yafe. A na bakwai taku ɗaya cur.

"Na... na yafe."

"Kana da kirki, Malam Arceneaux," in ji Lowell.

Corinne ta san muryar. Da ita yake gaya wa ɗalibi cewa rubutunsa yana da kyau, kafin ya ba shi sifiri.

A cikin mota tsohon ya zauna kusa da ita, hannuwansa a kan gwiwa. Desmond ya ce zai taka da ƙafa.

"Baba, ka sha ruwa."

"Na sha."

"Rana ta fara zafi, ko mu ɗan tsaya a inuwa?"

"Na ce kin iya shiru a fili. Kar ki ƙaryata ni gaban baƙo."

Ta ja bakinta. Wani abu ba daidai yake ba, ta kasa gane mene ne. Baba bai taɓa zama mai barin ƙwallo nesa da rami haka ba. Dogon turi shi ne gwanintarsa, yakan kawo ta har bakin rami ta tsaya kamar mai leƙen rijiya. Yau kuwa kowane rami sai ta tsaya nesa fiye da na baya. Ko hannun ne ya ƙara lalacewa? Ko idon ne? Ta tuna yadda ciwon Mama ya fara, da ɗan abin da kowa ya ce ba komai ba ne.

A rami na goma sha ɗaya Desmond ya zo ɗaukar sanda a bayan mota, ya yi ƙasa da murya.

"Corinne, abin nan ya fara yawa. Ko yaro ba a yafe wa wannan."

"Saura kaɗan."

"Tun rami na tara bai ce min uffan ba."

"Haka yake. Don Allah, abin ƙaunata, saura kaɗan..."

Rami na goma sha shida shi ne wanda ake ɗaukar hotonsa. Dandalin yana kan wani tsauni, teku na dukan duwatsu a ƙasa. Lowell yana gaba da rami ɗaya. Ya tsaya a kan dogon turi, ya auna, ya tura. Ƙwallon ta yi tafiyar hawainiya ta tsaya a tsakiyar hanya.

Ba wanda zai kira wannan kusa.

Desmond ya kalli ƙwallon. Ya kalli Corinne. Ta ga roƙo a idonsa, ta kuma ga hannun mahaifinta ya fara 'yar rawar nan a kan sanda. Ta haɗa tafukanta a ƙirji.

"Na yafe, yallaɓai," in ji Desmond, kansa a ƙasa.

Lowell bai ɗauka nan take ba. Ya tsaya a kan ƙwallon, ya taka zuwa rami yana ƙirgawa a fili.

"Ɗaya. Biyu. Da rabi."

Ya dawo ya ɗauki ƙwallon ya sa a aljihu.

"Taku biyu da rabi. Ka kafa tarihi, Malam Arceneaux. Wade bai taɓa wuce taku ɗaya da rabi ba, shi da ba ya jin kunyar komai."

"Yallaɓai, ni..."

"Da gangan nake barin ta. Tun bara. Ina so in auna iya mutuwar da iyalina suke ganin na yi. Kowane rami ina ƙara taƙi ɗaya, ina jira wani ya ce, 'Tsoho, wannan kam sai ka buga.' Ba wanda ya ce."

Corinne ta sunkuyar da kai.

"Kun san abin da ya fi ci min rai?" Muryarsa ba ta tashi ba. "Dokar wasa ta ce ba a ƙin yafiya. In an ce an yafe, dole ka ɗauke, ko kana so ko ba ka so. Ni na koya muku dokar. Shekara uku kuna ɗaure ni da ita, kuna murmushi."

Ya juya ga Desmond.

"Na zaci kai baƙo ne, ba ka koyi wannan ladabin ba tukuna. Na yi ta ɗokin yau kamar yaro. Ashe kai ka fi su. Mutumin da zai dubi idona ya ba ni abin da ban ci ba don in so shi, me zai riƙa gaya wa 'yata idan rayuwa ta yi tsami?"

Desmond bai kalli Corinne ba. Ta gane ba zai tona ta ba, zai haɗiye ya tafi Oregon shi kaɗai.

"Ni ce, Baba!"

Ta diro daga motar, ta taka dandalin da gudu, abin da aka hana ta tun tana ƙarama.

"Ni na sa shi! Jiya ya ƙi, ya ce yaudara ce, na yi ta roƙonsa har ya yarda. Kowane rami ni yake kallo. Ba laifinsa ba ne, wallahi ba laifinsa ba ne!"

"Na sani. Ina da idanu, su ba sa rawa."

"To me ya sa..."

"Don in ji ko za ki faɗa." Ya gyara hularsa. "Tunda kin buɗe baki a fili, Auta, bari in yi tambaya ɗaya. Zaman da kike yi da ni a gida, shi ma irin wannan ne?"

"Baba!"

"Aikinki da kika bari. Yaron nan da kika shanya shekara biyu. Don kina jin daɗin zama da tsoho mai baƙin rai ne, ko don kina tsoron in kuskure?"

Hawaye suka zubo mata. Ta nemi ƙaryar da za ta yi, ta duba ko'ina, ba ta samu ba.

"Mama ta ce in kula da kai..."

"Mamanki ta ce in daina gardama da mai kawo wasiƙa. Mutum yana faɗin abubuwa da yawa a gadon asibiti." Ya waiwaya baya. "Akwai mutane a bayanmu. Mu tafi."

A rami na goma sha bakwai ƙwallon Lowell ta faɗa kwarin yashi, sau biyu yana bugu kafin ta fito. Desmond ya ci ramin da guminsa. Suka zama kunnen doki.

A hanyar zuwa na ƙarshe tsohon ya ƙi shiga mota. Desmond ya matso kusa da Corinne.

"Me zan yi in ta sake tsayawa kusa?"

"Ban sani ba."

"In na yafe, na rasa ki. In ban yafe ba ya kuskure..."

"Na ce ban sani ba, Desmond! Ka dubi barandar can!"

Dandalin rami na goma sha takwas yana ƙarƙashin barandar masauki. Sha biyu ta kusa, tebura sun cika da masu jiran abincin rana, mutum kusan arba'in, ba su da abin kallo sai wanda ya zo gamawa. Lenore da Wade suna jingine da ƙarfen baranda suna ɗaga hannu.

Wancan karon baƙi huɗu ne kawai suka gani, ya yi kwana biyu a kulle. Yau fa?

Desmond ya gama da bugu biyar. Lowell ya yi huɗu, kuma wannan karon ba da gangan ba ne, Corinne ta ga yadda ya cije leɓe yana so ta faɗa. Ba ta faɗa ba. Ta wuce ramin ta tsaya taku ɗaya.

In ya jefa ta, an tashi babu wanda ya ci. In ya kuskure, ya faɗi.

Tsohon ya taka a hankali ya tsaya a kanta. Bai sunkuya ba. Jira yake.

Desmond ya juyo ya dubi Corinne. Ba roƙo a idonsa yanzu, tambaya ce kawai. Duk abin da ta ce, shi zai yi, ta san haka, kuma sanin ya fi komai nauyi. Ta ga ƙofar ɗakin nan a rufe, ta ga farantin da ta ajiye a bakinta ya huce. Ta ga hannun Baba, tun bai kama sandar sosai ba ya fara rawa.

Ta girgiza kai.

Desmond ya sa hannuwansa a baya, ya ja bakinsa ya tsuke.

Har ƙarar cokula a baranda ta ragu.

"Ɗauke, Baba!" Wade ya ƙwala daga sama. "An yafe! Ai wannan ta shiga!"

Lowell bai ɗaga kai ba.

"Wade, kana cikin wasan nan?"

"A'a, Baba, amma..."

"To ci abincinka."

Ya sunkuya. Kan sandar yana kaɗawa a bayan ƙwallon kamar ganye. Ya miƙe, ya share tafinsa a wando, ya sake sunkuyawa. Corinne ta cusa yatsunta a baki. Ya Allah... Ya Allah, ko sau ɗaya...

Hannun ya fizge.

Ƙwallon ko gefen ramin ba ta taɓa ba. Ta wuce ta hagu da gudu, ta tsaya nesa fiye da inda ta taso.

Wani a baranda ya ce, "Ayya!" Lenore ta rufe fuska.

An gama wasa, Desmond ya ci. Corinne ta zuba wa mahaifinta ido, tana jira ya ajiye sandar ya nufi ɗaki.

Bai ajiye ba. Ya bi ƙwallon, ya tsaya a kanta, ya sake sunkuyawa.

"Yallaɓai, ai an..." Desmond ya fara, sai ya haɗiye sauran.

Ya tura. Ta tsaya a baki. Ya sake turawa, taƙi ɗaya tak, hannun ya fizge, ta zagaye ramin ta fito. Mutum arba'in suna kallo. Jijiyar wuyansa ta tashi, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Corinne tana kuka a fili yanzu, amma ba ta motsa daga inda take ba.

A karo na huɗu ƙwallon ta faɗa. Ƙaramar ƙara ce, ƙwal, kamar an jefa tsakuwa a kofi.

Lowell ya daɗe a tsaye yana kallon ramin. Sannan ya durƙusa da kyar, ya zura hannu ya ciro ta da kansa.

"Takwas," ya ce. "Rubuta takwas, Auta. Kar ki rage ko ɗaya."

Ya cire hula, kamar yadda ake yi, ya miƙa wa Desmond hannu. Desmond ya cire tasa. Hannun tsohon yana rawa a cikin nasa, bai ɓoye ba.

"Ka yi wasa mai kyau, rami biyu," in ji Lowell. "Sauran sha shidan kuwa, ka bi umarnin mace a kan abin da ka san ba daidai ba ne. Wannan ma horo ne na aure, ba zan riƙe ka da shi ba. Yaushe za ka fara aikin?"

"Satumba, yallaɓai."

"To a ɗaura a Agusta. Kuma ka daina ce min yallaɓai, ba kotu muke ba."

Desmond sai gyaɗa kai yake yi, idonsa ya kaɗa.

Corinne ta faɗa jikin mahaifinta.

"Baba, ka yi haƙuri... ka yi haƙuri! Ban san haka kake ji ba!"

"Da wa zai gaya miki? Ni ba na magana, ke ba kya tambaya. Uwarki ce mai fassara a gidan nan."

"Amma in na tafi wa zai kula da kai?"

"Ba kowa."

"Baba!"

"Zan ƙona ƙwai. Zan manta ranar fitar da shara. Wata rana zan zauna a kicin in yi kewarki har in tsani yaron nan da dajinsa." Ya ɗago fuskarta da hannun nan mai rawa, ya share mata hawaye, bai share daidai ba. "Kewar tawa ce, Auta. Ki bar min abata. Ki tafi."

Ta gyaɗa kai.

Ya sake ta, ya nufi bayan mota, ya kwance jakar sandunansa. Shekara uku wani ne yake ɗaukar masa ita. Ya yi ƙoƙarin mayar da sandar turi a ciki, bakin jakar ya ƙi samuwa, sandar ta zame ta faɗi a ciyawa.

Corinne ta yi taku ɗaya. Sai ta tsaya, ta kama hannun Desmond, ta matse shi har farcenta ya shiga fatarsa.

"Riƙe ni," ta ce a hankali. "Kar ka bar ni in je."

Tsohon ya sunkuya ya ɗauka. Ya sake gwadawa, ta shiga. Ya saɓa jakar a kafaɗa, ta ɗan rinjaye shi gefe, ya gyara tsayuwa. Ya fara hawan tudun zuwa masauki shi kaɗai, a hankali, yana tsayawa yana hutawa.

Lenore ta taso da gudu daga baranda, hannuwanta a miƙe.

"Baba, kawo in..."

"Matsa min hanya, Lenore," in ji shi. "Yunwa nake ji."